Fifitar Iya Delu

Akwai wata ranar kasuwa da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ku sababbin shiga aikin nan na gyaran kwamfuta nake so ku ji labarinta. A shekarar da sojoji suka karɓi mulki ne. Damina ta ƙi, rumbuna sun yi fayau, maza da yawa da suka tafi cin rani Najeriya ba su dawo noma ba. Ni kuwa ban daɗe da gama makaranta ba, ina buga takardu a ɗan shagon Malam Sani a Matameye. Ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya gare mu, irin ta ɗauka a hannu. Da ita muke aiki, da ita kuma muke nuna wa mutane hotunan da 'yan uwansu suka aiko.

Malam Sani mutum ne mai son tsabta. Ana gobe kasuwa ya kwance ta, ya share ƙurar da ta toshe fanka, har ya ɗaga jan ƙarfen da ke kwance a kan kat garafik, wato ɓangaren da ke fitar da hoto. Ya tarar da wani abu toka-toka a daskare, ya ɗauka dauɗa ce, ya goge shi tas. Ashe man da ke janye zafi ne, kamar yadda wani mai gyara a Damagaram ya gaya mana daga baya. Rubutu dai tana yi lafiya lau, amma da an kunna bidiyo sai ta ɗau zafi ta mutu.

Bayan azahar wata tsohuwa daga Kurni, Iya Delu, ta shigo tare da wani direba. Ɗanta Habu da ke Ikko ya ɗauki bidiyon jaririyarsa, jikar da ba ta taɓa gani ba, a katin wayar direban. Allon wayar ya yi wa idonta ƙanƙanta, shi kuma da la'asar zai wuce Ɗan Barto ya tsallaka iyaka da katinsa.

Na kunna. Habu ya fito yana gaishe ta, ta amsa da ƙarfi: "Lafiya lau, ɗan nan! Kai, ka rame." Ya juya zai ɗauko yarinyar ke nan allon ya yi baƙi. Na sake kunnawa, na tsallake zuwa gaba, amma ta riga ta gasu, hoto na fitowa take ɗaukewa.

"Ki yi haƙuri, Iya," in ji Malam Sani, yana share zufa. "Jiya-jiyan nan na tsabtace ta."

Iya ta ɗora bayan hannunta a kan ordinatar. "Ai shi ya sa, Malam. Ka yi mata wanka, ga shi ta kwana da zazzaɓi." Ta dube ni. "'Yata, ta ina take numfashi?"

Na nuna mata. Muka ɗora ta a kan tubala biyu kusa da randa, inda yashi ke da sanyi. Iya ta zaro mafici daga kayanta ta shiga yi mata fifita a hankali.

"Iya, lokaci fa yana tafiya," in ji direban.

"Kai, uwarka ba ta taɓa yi maka fifita ba? Ɗauki kwalin can ka taya ni."

Ya yi dariya ya ɗauka. Malam Sani ya cire hularsa shi ma ya kama. Da ta huce sai na kunna, na karɓi maficin daga hannun Iya don ta samu ta duba da kyau.

Habu ya juya, ya ɗago yarinyar. Ta yi hamma, ta buɗe ido ɗaya. Mu kuwa muna ta fifita. Iya ta matso har goshinta ya kusa taɓa allon.

"Sannu da zuwa, ƙawata," ta ce da ƙaramar murya. "Ki gaya wa babanki gero ya ƙi bana, amma ni ina nan."

Bidiyon na ƙarewa ordinatar ta mutu. Na kai hannu zan tashe ta, Iya ta riƙe ni. "Bar ta ta huta. Ta yi ƙoƙari."

Saboda haka, in kun ɗaga jan ƙarfen nan, kada ku mayar da shi sai kun shafa sabon mai. In kuma inji ya ƙi ana tsakiyar aiki, ku fara duban fuskar wanda ke jira, don wani daga nesa ya taso, kuma yau ɗin ce kaɗai gare shi.