Rumbun doyar da na ɗauka a hoto

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu a fannin tattalin arziki a nan Abuja, na yi wani abu da har yau yake damuna. Ban taɓa ba da labarin a fili ba. Yanzu ma sai da na tabbatar wanda abin ya fi shafa ya rasu, iyalinsa sun tashi daga inda suke, maganata ba za ta ƙara cutar da kowa ba.

A lokacin ina zaune a Gwarinpa, gidan yayata. Bincikena a kan yadda rashin tsaro ke cin noma ne: me ke sa manomi ya bar gonarsa ta nesa, kuma me hakan ke yi wa farashin abinci a kasuwa. Na karanta littattafai da yawa a kan yaƙi da ta'addanci, har na fara jin kaina. Idan ana hirar 'yan bindiga a falo sai in gyara zama in fara bayani, ni da ko ƙarar bindiga ban taɓa ji ba sai a talabijin. Mijin yayata yakan ce a yi shiru, farfesa za ta yi magana.

Malamin da ke duba aikina ya ce karatun ɗaki ya isa haka, in je in ji daga bakin manoma. Wata ƙawata 'yar ajinmu ce ta kai ni ƙauyen su mahaifiyarta, can bayan Yangoji, wajen Kwali. Darajar mahaifiyar tata na ci, shi ya sa aka ba ni kujera a gindin mangwaro aka bar ni ina tambayar mutane. Suna amsawa, amma a gajarce. Kusan kowa ya ce ya bar gonar bakin daji, ya dawo noman bayan gida, saboda mutanen da suka zauna a dajin da bindigogi.

Da na koma gida na jera amsoshin, sai na ga mutum ɗaya ya fita daban. Wani dattijo ne, shugaba a cocinsu, wanda ya ce shi har yanzu yana noma gonarsa ta bakin rafi, kuma ya kwashe doyarsa lafiya. Gonar ta fi ta kowa kusa da dajin. Malamina ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, wannan shi ne bincikenki, sauran duk rakiya ce.

Sau uku na koma wurin dattijon. Zuwa na farko ya ce ikon Allah ne. Na biyu ya ce sa'a ce. A na uku matarsa ta dafa doya ta kawo mana da manja da barkono, muka ci a inuwar rumbunsa, wani dogon rumbu da aka yi wa ƙofa da shuɗin kwano. Yana ta kirana 'yarsa, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. Ya ce yana da jikoki biyar a hannunsa, ubansu ya rasu, gonar bayan gida kuwa ba za ta ciyar da su wata huɗu ba. Can ya dubi hanya, ya ga babu kowa, ya ce in ajiye biro.

Ya ce mutanen dajin sukan aiko. Yakan kai musu dawa, da gishiri, wani lokaci katin waya, ya ajiye a gindin wata bishiya ya juyo. Su kuma su bar shi ya yi noma. Ya ce bai taɓa zama da su ba, bai san sunan ko ɗaya ba, kuma duk ranar da ya kai sai ya kasa haɗa ido da mutane a coci.

"'Yata," ya ce, "wannan magana na kunnenka ne. Ba na takarda ba."

Na ce, "Wallahi Baba, sunanka ba zai fito ba."

Ku lura da abin da ya roƙa da abin da na rantse a kai. Ni a lokacin ma na lura. Na dai yi kamar abu ɗaya ne.

Na rubuta. Ban sa sunansa ba, ban sa sunan ƙauyen ba, don haka na ce wa kaina na cika alkawari. Amma na ce dattijo ne shugaban coci, mai riƙon marayu, mai gona a bakin rafi, a yankin Kwali. Malamina ya karanta babin ya miƙe tsaye. Ya ce wannan haraji ne da 'yan bindiga ke karɓa a inda hukuma ba ta kai, an daɗe ana zarginsa a kusa da Abuja amma babu wanda ya samo shi daga bakin mai biya. Ya sa sunana a cikin masu magana a wani taron masana da za a yi a wani otal a tsakiyar gari.

Ranar taron na sha kwalliya. Ɗakin sanyi ƙalau, ga manyan malamai, ga mutanen ƙungiyoyi, ga 'yan jarida a baya. Da na zo kan labarin Baba sai na haska hoton rumbunsa a bango, wanda na ɗauka da wayata ran da muka ci doyar. Babu fuskar kowa a ciki. Ina so ne kawai su ga abin da ido, su san ba a laburare na zauna ba. Aka tafa mini sosai. Wani farfesa ya ba ni katinsa ya ce in neme shi idan na gama. Na dawo gida ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kwana biyu bayan haka wani shafin labarai ya buga cewa an gano manoman da ke ciyar da 'yan bindiga a kusa da Abuja. Ashe wani ya ɗauki hoton bangon da wayarsa. Ga rumbun, ga shuɗiyar ƙofa. Na gani, amma na ce wa zai gane rumbu ɗaya a cikin dubu. Har na tura wa yayata labarin, don an ambaci jami'armu.

Bayan mako biyu, da hantsi, ina wanke-wanke, ƙawata ta kira. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce a kwanakin nan 'yan bindiga sun ɗauke wani magidanci a ƙauyen, an tsinci gawarsa a hanyar gona. Ana cikin zaman makoki wani ya nuna labarin a waya. A ƙauyen nan ƙofa ɗaya ce shuɗiya. Samari suka tafi gidan Baba, suka cinna wa rumbun wuta da doyar shekara a ciki har da iri, suka doke shi a gaban jikokinsa. Jami'an tsaro ne suka ƙwace shi, suka tafi da shi, kuma ba su sake shi ba. Ta ce mahaifiyarta ma ba ta iya shiga garin yanzu, an ce ita ta kawo mai leƙen asiri.

Na ce mata ai ban sa suna ba. Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan, kuma da shi nake jin kunya fiye da komai.

"Ke kin ɗauka shi kaɗai ke kaiwa?" ta ce. "Rabin garin na kaiwa. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Shi kaɗai ne ya yarda da ke."

Ta kashe wayar.

Na tafi ofishin malamina ina kuka. Ya saurare ni, kuma na ga abin ya taɓa shi, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya ce mun bi ƙa'ida, babu suna, laifin na mai shafin ne. Na roƙe shi ya rubuta wa jami'an tsaro cewa mutumin nan tilasta masa aka yi. Ya ce idan muka rubuta, mun tabbatar musu ke nan cewa shi ne, kuma za su nemi sauran takardun tambayoyina da muryoyin da na naɗa. Yana da gaskiya. A ranar na goge duk abin da ke wayata, na ƙona takardun a bayan gidan yayata. Shi ne kaɗai abin kirkin da na yi a cikin lamarin, shi ma bayan aikin gama ya gama.

Na ce zan cire babin. Malamina ya ce in na cire babu abin da ya rage, sai in sake shekara guda. Na yi kwana uku ina tunani. Na cire hoton, na cire rafin da cocin da marayun, na bar sauran. Na kare kundina, na ci da sakamako mai kyau.

Baba ya yi watanni a tsare kafin mutanen cocinsu su samu a sake shi. Bai koma ƙauye ba. 'Yarsa da ke aure a Kurudu ta ɗauke shi da matarsa da jikokin, suka cunkusu a ɗaki biyu. Sai da na yi ta aika wa ƙawata saƙo kafin ta turo mini kwatancen gidan, ba tare da ko kalma ɗaya a kai ba.

Na je da buhun shinkafa a bayan mota, wai ni mai gyara ɓarna. Na same shi a kan benci a ƙofar gida, ya rame, kunnensa ɗaya ya daina ji, hannunsa na dama yana rawa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana tada kunyar doya, ga shi zaune yana kallon masu acaɓa suna wucewa. Matarsa ta gan ni ta shige ciki, ba ta sake fitowa ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya gane ni. Na shirya magana mai tsawo tun daga Gwarinpa, amma na kasa fara ta. Shi ne ya tambayi mutanen gida, ya tambayi hanya. Sannan ya ce, "Ka ci jarrabawan?"

Na ce, "Na ci, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, madalla. Ko mutum ɗaya ya samu amfani."

Babu zafi a muryarsa, babu dariya. Na ce ya yafe mini. Ko bai ji ba ne saboda kunnen, ko ya ji ya ƙyale, ban sani ba. Ya dai ce in gaida gida. Shinkafar kuwa 'yarsa ta sa aka mayar mini cikin mota, ta ce sun gode, suna da abinci. Damina ta gaba ya rasu. A bakin wata mata na ji, bayan an yi wata biyu da binne shi.

Har yau aikin da nake yi ke nan, bincike a kan rikici da abin da yake ci wa mutane, yanzu ma ni ke duba aikin wasu. Ban daina ganin amfaninsa ba, don idan ba a san yadda abu yake ba, ba a san ta inda za a gyara shi ba. Amma na gane cewa mu muna zuwa mu tambaya mu koma gida, wanda ya amsa kuwa a nan zai kwana da maƙwabtansa da kuma mutanen daji. Ɓoye suna ba shi ne ɓoye mutum ba. Ɗalibaina suna cewa na cika tsanani, don sau da yawa sakin layin da suka fi so shi nake sa su cire. Ba na yi musu dogon bayani. Nakan tambaye su kawai, idan maƙwabcinsa ya karanta wannan, zai gane shi?

Ni da ƙawata ba mu koma kamar da ba. Bara muka haɗu a kasuwar Gwarinpa, muka gaisa kamar waɗanda suka taɓa zama unguwa ɗaya. Na tambaye ta ƙauyen. Ta ce gonar Baba ta zama daji, mutanen dajin kuma suna nan inda suke, ana kai musu kamar yadda aka saba. Ta ce wasu ɗalibai sun je daga baya da takardunsu, suna tambaya ko akwai mai biyan 'yan bindiga don ya yi noma. Gida gida suka bi, kowa ya ce bai taɓa jin irin wannan ba.

Haka suka rubuta.