Motar Saleh a Hannun Ya Mikail

Duk wanda ya ce mini yayana Mikail mutumin kirki ne, ba na musa masa. Sai dai in tambaye shi ko ya taɓa barin motarsa ta kwana biyu a garejinsa. In ya ce a'a, sai mu bar maganar, don bai san shi ba.

Ya Mikail bakanike ne a bayan Bulabulin, a wani fili tsakanin masu walda da mai sayar da gawayi. Ba ya taɓa ƙananan motoci. Aikinsa tsofaffin a-kori-kura ne masu ja da taya huɗu, irin waɗanda ke shiga yashi da taɓo su ɗauko kifi da shinkafa da awaki. Mota za ta zo masa tana tari, bayanta ya zauna, sai ya ƙara mata ganyen sifirin ya ɗaga ta, ya yi wa ƙarfen ƙasanta faci, ya ja bututun iska har saman gilashi don kada inji ya sha ruwa. Ya tayar da motocin da suka girme ni. Wannan kam ba zan rage masa ba.

Mu 'ya'yan makiyaya ne. Shi a ruga aka haife shi, wajen Marte, har ya ɗan yi kiwo. Ni a cikin gari na zo duniya, bayan shanun Baba sun ƙare. Akwai wata al'ada ta mutanenmu da Baba ba ya gajiya da ba da labarinta. In ɗan'uwa ya rasa garkensa, sai ka zaɓi saniya mai kyau ka kai masa aro. Ya sha nono, ya riƙe maruƙan da ta haifa, in ya miƙe ya dawo maka da uwar da ƙafarsa. Kuma babban abin kunya ne mai saniya ya je ya ce a ba shi abarsa. Baba ya yi ta maimaita wannan har ya rasu a ɗakin haya, ba shi da ko akuya. Ni na ɗauke shi hira. Ashe Ya Mikail darasi yake ɗauka.

Tun yana saurayi ya shiga kanikanci. Waɗanda suka koya tare da shi sun gina gidaje, wani har da shagon kayan gyara. Shi har yau a kan keke yake zuwa aiki, keken ma birkinsa tafin ƙafa ne.

Mijina Saleh direba ne. Busasshen kifi yake kawowa Kasuwar Kifi ta Baga Road, in kaka ta yi kuma ya kwaso mana shinkafarmu daga gonarmu ta Zabarmari. Motar tasa tsohuwa ce, Ya Mikail ne ya ɗaga ta ya shirya ta, har ya sa mata wani hon da suka ciro daga matacciyar tirela. Muryarsa kamar bijimi mai mura. In Saleh ya karyo kwanar layinmu da la'asar sai ya danna sau biyu, 'yarmu Yusra ta yar da duk abin da ke hannunta ta ruga ƙofa. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji.

Saleh ya yi jinya gajeriya ya rasu. Da na fita takaba na sa aka ja motar zuwa garejin Ya Mikail, don kulocinta ya mutu. Kuloci kawai. Na ce ya gyara in samu direba mai amana, ko ba komai ta riƙa fito mana da shinkafa, don ita ce abincinmu na shekara ni da yara. Ya shafa bonet ɗin ya yi wa Saleh addu'a, ya ce sati mai zuwa.

Kakar bara ta zo motar ba ta tashi ba. Wanda bai san Zabarmari ba zai ce ai sai in yi haya. Lokacin yankan shinkafa duk mota mai ja da taya huɗu an riga an kama ta, ƙanana kuwa ba sa shiga fadama. Kuma ba mai kwana a gona ya yi gadi, kowa ya san dalili. Buhunana suka kwana a fili, da aka koma washegari kusan rabi sun yi ƙafa. Na yi kuka, na je na zazzage wa Ya Mikail, ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne, bana in Allah ya so ba za a sake ba.

Saboda haka bana tun ruwan farko na fara yi masa sintiri. Kullum na je motar tana ƙarƙashin dogon yaro, an lulluɓe ta da tampol har ƙasa. Ya ce don rana ne. Sai ya sa a kawo mini shayi, ya tambayi karatun Yusra, ya tambayi ciwon ƙafata, ya raka ni bakin titi ya tare mini keke napep. Sai na isa gida nake tuna ban ga motar ba. Mutumin da ba ya iya ƙarya, amma ya iya shayi.

Ranar da aka aiko mini cewa shinkafa ta nuna, ban tsaya gaisuwa ba. Na wuce shi yana kwance ƙarƙashin wata mota, na kama tampol ɗin na fizge.

Motar Saleh tana zaune a kan duwatsu. Ba taya ko ɗaya, ba sifirin, ba fitila. Na ɗaga bonet na ga rami, wayoyi na reto. A kujerar direba, inda Saleh yake zama, kaza ce kwance a kan ƙwai, har tana harara ta.

"Ya Mikail, ina motar Saleh?"

Ya fito yana goge hannu da tsumma. "Tana aiki, Safinatu."

Wallahi haka ya ce. Ya shiga faɗa mini inda take aikin. Lagireto mai sanyaya inji yana jikin motar Adam, ya tafi Monguno. Sifirin da tayoyi suna wajen Dzarma. Famfon mai da giyar da ke sa tayoyin gaba su ja suna motar Yoila. Kowannensu ya zo masa da mota a mace, da iyali a gida, kayan kuma ko babu a kasuwa ko sun fi ƙarfinsa, ga tamu tana zaune ba ta komai. Aro ne, in sun miƙe za su dawo da su. Yana faɗa yana kallona kamar zan ce Allah ya yi masa albarka.

Na tambaye shi ko ya taɓa ganin lagireto ya haihu. Na ce saniyar da Baba yake bayarwa tasa ce, wannan kuwa ta marayu ce. Na ce da sayarwa ya yi da na san sunan da zan kira shi, in huta. Masu walda suka kashe wuta suna saurare, ban damu ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba, don ba a yi mini da mugunta ba, ban san inda zan kama ba. Da na ce ya tashi yanzu ya bi su ya karɓo, sai ya ce bakinsa ba zai iya ba, ba a bin saniyar aro. Idonsa ya yi ja, can ya ƙara da cewa kulocin dai ya gyara tun bara, yana nan lafiya lau.

Na ce to ni bakina zai iya.

Yoila na fara nema, don shi ne a cikin gari. Mutumin kudancin Borno ne, dogo, da Saleh suke lodi a da. Na same shi a Kasuwar Kifi ana ɗora masa kwalaye. Ya tare ni da gaisuwar garin, "Wushe, Maman Yusra," ni kuwa ko amsa kirki ban yi ba na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya cire hularsa. Ya ce shi Malam Mikail ya ce masa kayan motar gida ne, bai san ta Saleh ba ce, da bai yarda an sa ba. Bai roƙe ni ba, bai ce mini yaransa ba, ko da yake na san matarsa Edith da goyo. Ya hau bayan motar ya fara sauke kwalayen da kansa, ya ce yanzu zai kai gareji a kwance a mayar. Mai kifin ta taso tana masifa, shi dai sauke kaya yake.

Na tsaya ina kallo, warin kifi na shiga mayafina. Na san in an kwance kayan nan tasa ce za ta hau duwatsu. Na kuma san ko an mayar, lagireto yana Monguno. Sai na ji bakina ya ce, "Bar shi, Yoila. Mayar da kayan mutane." Muryar Baba ce sak. Na ji haushin kaina fiye da yadda na ji na Ya Mikail, na tafi ban yi sallama ba.

Ban roƙi kowa komai ba. Ranar da aka gama bugu aka ɗura a buhu, Ya Mikail ya aiko cewa in zauna gida in share ɗakin ajiya, shi zai je gona. Na ce a faɗa masa ya je da kazar. Daga baya na ji cewa Yoila ya ajiye lodin kifinsa ya bi shi tun da safe, Dzarma ya same su da rana a kan tayoyinmu, suka yi ta fito da buhuna daga taɓo zuwa bakin hanya. Ya Mikail yana bayan mota da sifanu a aljihu, sau da yawa sai ya shiga ƙarƙashi.

Da la'asar ina tsakar gida ina tankaɗe, Yusra tana wanke-wanke, sai muka ji shi daga kwanar layi. Bijimi mai mura, sau biyu.

Yusra ta saki kwano ta ruga. Sai da ta kai ƙofa ta tuna, ta tsaya cak, hannunta da kumfa. Ni ma na miƙe ban sani ba, rariya ta kife. Ba wanda ya faɗa mini an ba da hon ɗin.

Na fita na same su suna sauke shinkafa daga motar Yoila, hon ɗin Saleh a jikinta, ba buhun da ya kwana a gona. Ya Mikail taɓo har wuya. Na so in yi godiya, abin da ya fito daban.

"Har da hon, Ya Mikail?"

"In ya daɗe ba a danna shi ba shaƙewa yake," in ji shi, bai kalle ni ba.

Yoila ya ga fuskar Yusra ya gane. Ya ce noti biyu ne kawai, yanzu zai cire ya ba mu. Na rasa me zan yi da shi in ya ba ni, in rataye a ɗaki ko in sa a akwati. Na ce ya bar shi a jiki, amma in ya shigo layin nan kada ya sake dannawa. Ya ce ya yi alkawari.

Motar tana nan a kan duwatsu, kazar ta ƙyanƙyashe. Adam ya dawo da lagireto, ban kai ga murna ba na ji an sa wa wani mai ɗaukar awaki. Ya Mikail ya ce sati mai zuwa. Har yanzu in muka haɗu sai na yi masa tas, shi kuma ya sa a kawo shayi.

Yoila yana bin layinmu in ya taso daga kasuwa, ina gane ƙarar injinsa. Mutum ne mai cika alkawari, bai ƙara dannawa ba ko sau ɗaya. Ni kuwa duk la'asar sai in tsinci kaina na tsayar da aiki ina saurare, har ya wuce.