Inna Vernice da Belin Ɗana

Duk wanda ya taɓa kwana a bayan kanta a garin Tillman ya san Vernice Tolliver, kuma yawancinsu Inna suke ce mata. Ni Clovis Dupree, da na riga ta shiga sana'ar beli, ba mai ce mini Baba sai ɗan da na haifa, shi ma ɗin sai ta kama. Ofishina da nata suna kallon juna, titi ne kawai a tsakani, gidan yari kuma yana ƙarshen layin. Na fi shekara ashirin ina zaune a bakin taga ina kallon ƙofarta, kuma ba zan ɓoye ba, ƙyashinta nake ji.

Ba a gidansu ta gaji sana'ar ba. Girki take yi a kicin ɗin gidan yari, wake da shinkafa da burodin masara, a can wani mai beli, Otis Tolliver, ya gan ta ya aura. Da ya rasu ya bar mata ofis da tebur mai gurguwar ƙafa da wata tsohuwar mota mai tari kafin ta tashi. Na je gaisuwa da kaina, na ce in hankalinta ya kwanta ta sayar mini da wurin, in rage mata wahala. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "Clovis, ka bari ƙasar kabarin ta bushe mana." A raina na ba ta shekara guda ta tattara ta koma kicin. Har yau tana nan, teburin ma bai canja ba.

Sana'ar tamu ba wani sihiri a cikinta. An kama mutum, alƙali ya yanka masa kuɗin beli. Mai hali ya kai wa kotu kuɗin duka, in an gama shari'a a mayar masa. Marar hali ya kira irinmu, ya biya la'adar kashi goma cikin ɗari wadda ba ta dawowa, mu tsaya masa. In ya ƙi zuwa kotu ranar da aka sa, wuyanmu za a kama. Shi ya sa sai wani nasa mai aiki da wurin zama ya zo ya sa hannu, ya ɗauki nauyin abin a kansa. Haka nake yi, haka take yi, la'ada ɗaya muke karɓa. Amma wayarta ce ke ta ƙara, tawa tana kwance kamar an yi mata baki.

Na san dalili, ko da yake ban taɓa yarda dalili ne ba. Mutum ya kwana da giya a cikinsa, ya fito ido jajir, riga a yamutse, baki yana wari. Ita sai ta tsaya a ƙofar fita da jiƙaƙƙen tawul da mataji da alewar na'ana'a, ta gyara shi kafin matarsa ko uwarsa ta gan shi. Na ce wannan ai talla ce. Aikinmu fito da mutum, ba yi masa wanka ba.

Kuma kar ka ɗauka sanyi gare ta. Wani direban babbar mota ya taɓa tsallake ranar kotu, ta bi shi har coci, ta zauna kusa da shi, suka rera waƙa daga littafi ɗaya har aka tashi, sannan ta riƙe hannun rigarsa har cikin motarta. Wannan mutumin da ta mayar gidan yari da hannunta, da matarsa ta haihu sunan Vernice ya sa wa yarinyar. Ni na yi wa rabin garin nan beli, ko kare ba a sa wa sunana ba.

Duk wannan na iya haɗiye shi, kasuwa ce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na Lamont.

Lamont shi kaɗai muka haifa da marigayiya Earline. Na so ya zauna a ofis ya gaje ni, ya ce shi rufin gidaje zai yi, gara rana ta dake shi a saman kwano da ya zauna kusa da ni. Wai bakina ba ya gajiya. To in uba bai faɗa ba wa zai faɗa? Muddin uwarsa tana raye ita ke haɗa mu a tebur ranar Lahadi. Da ta tafi sai ya zama daga coci sai coci, ya ɗaga mini hannu daga nesa. Shekaru ya yi bai taka ƙofar ofishina ba, ni kuma babu abin da nake so a duniya kamar in ga ya turo ƙofar nan da kansa.

Wata Litinin da hantsi ina share bakin ofis sai na hango Vernice tana tsallako titi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Clovis, kana da kofi, ko in koma in ɗauko nawa?"

"Yau kuma da wace aka zo? Ofishin ya gagare ki ne, kin zo mu yi ciniki?"

"Ajiye tsintsiyar nan ka zauna."

"A ofishina za ki ce in zauna?"

"Lamont ne," in ji ta. "Jiya da la'asar sun yi gashin nama a bakin tafki da abokan aikinsa, ya sha ya fi ƙarfinsa, ya ja mota. Ɗan sanda ya gan shi yana cin layin mutane, ya tsayar da shi ya sa shi hura na'urar gwajin giya. Bai buge kowa ba, bai ji ciwo ba. Sun bar shi ya kwana giyar ta sake shi, da safen nan alƙali ya yanka beli."

Sai ga ni a zaune ba tare da na san na zauna ba. Na gode wa Allah da bai kashe ɗan wani ba, wannan gaskiya ce. Amma godiyar ba ta gama fita daga bakina ba wata tambaya ta ture ta.

"Ke wa ya gaya miki?"

"Shi ya kira ni."

A can ciki karɓe maka waya suke yi, su nuna maka ta jikin bango, ka kira lambar da ke kanka ko ɗaya daga cikin na masu beli da aka liƙa a wurin. Tawa tana nan a liƙe, kuma ba ta canja ba tun Lamont yana rarrafe, ya san ta kamar sunansa. Ya tsallake ta ya kira maƙwabciya. Abin da na ji na san sunansa, kishi ne.

"Zan je in fito da ɗana da kaina," na ce.

"Ka iya, ba mai hana ka. Amma ya ce in dai kai ne, gara ya zauna a ciki har ranar shari'a. Ya ce fitowa kam za ka fito da shi, sai dai zai ji labarin har ya yi furfura."

"To me kika zo nema?"

"Abokan aikinsa sun haɗa la'ada. Saura mai sa hannu."

"Au, belina ba ya so, amma hannuna yana so?"

"Shi bai ma san na zo ba. Ni ce nake so. Tashi, tsoho, yaron bai ci komai ba tun jiya."

Na tsallaka titin nan na zauna a kujerar da masu kuka suke zama, gaban tebur mai gurguwar ƙafa. Ta sa tabarau ta soma karanta mini sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, ni da nake karanta wa mutane su tun tana tsame wake. Ba shan giya. Za a sa masa na'ura a mota, sai ya hura kafin ta tashi. Kowace Litinin ya zo ofishinta ta gan shi da idonta. In ya tsallake kotu, wanda ya sa hannu ne a ciki.

"Ka fahimta, Malam Dupree, ko in maimaita?"

"Vernice, kar ki kai ni bango."

"Kowa nake tambaya haka," ta ce, ta miƙo mini biro.

Da azahar aka sako shi. Na tsaya can nesa jikin motata ina kallo. Ƙato mai gemu, wanda ko riga bai yarda na gyara masa ba tun yana ɗan makaranta, sai ga shi ya sunkuyar da kai tana goge masa fuska, tana ce masa, "Ɗago, ɗan nan, ba kanka farau ba." Da ya hango ni ya ce, "Baba." Na yi niyyar in yi shiru, Allah ya sani. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Da ka kashe ɗan wani fa? Da me za ka gaya wa uwarsa?" Ya dube ni, ya buɗe ƙofar motar Vernice ya shiga.

Litinin ta zagayo, na zauna a bakin taga tun safe. Ya zo da kayan aiki a jikinsa ya shiga wurinta. Ina jiyo dariyarsu har nan, irin dariyar da rabona da in ji ta tun Earline tana raye. Na ce a raina me tsohuwar nan take gaya masa haka? Can ya fito, ya tsaya a bakin titi yana sosa ƙeya. Sai ya duba hagu da dama ya tsallako, ya turo ƙofata.

"Baba, ya aiki?"

Na ce masa kujera ga ta nan. Ranar ba mu yi wata magana ba, ya ɗan zauna ya tafi. Litinin ta gaba ya sake tsallakowa. Ya ɗaga kai ya ga inda rufina yake yoyo, ya ce wane makaho ne ya yi wannan aikin, mako na gaba ya zo da tsani. Shari'a kuwa aka yi ta ɗagawa, yau lauya bai shirya ba, gobe sakamakon gwaji bai iso ba, har watanni suka shuɗe. Muka koma hirar kamun kifi, da uwarsa, da yadda take ƙona burodin masara ta ce haka ya fi daɗi. Na koyi cije harshe, ko da yake ba kullum ba.

Kaina ya kumbura, ba zan musa ba. Wata rana na ga Vernice tana rufe ofis na ɗaga murya daga nan ƙofata.

"Kin gani ko? Ki yi ta goge fuska da tawul. Naka sai naka, Vernice!"

"To," kawai ta ce, ta shiga motarta.

Ranar shari'a Lamont ya zo da rigar kwat ɗin aro, bai taɓa tsallake zama ko ɗaya ba. Alƙali ya ci shi tara, ya tura shi ajin masu tuƙi da maye, ya riƙe lasisinsa na wani lokaci. Beli ya sauka daga wuyan kowa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yanzu an rabu da ƙofar can, Litinin ta zama tawa ni kaɗai.

Litinin ɗin na sayo soyayyiyar tarwaɗa ta mutum biyu. Wani abokin aikinsa ya sauke shi a gaban ofishin Vernice. Ba beli, ba dole, amma ya shiga. Na ce ba komai, sallama zai yi mata. Ya daɗe a ciki, ya fito, ya ɗaga mini hannu daga can, ya shiga motar abokinsa suka wuce. Na ce ƙila sauri yake yi. Mako na gaba ma haka aka yi, ya shiga wurinta, ya fito, ya ɗaga hannu.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba na tsallaka, ko sallama ban yi ba.

"Me kika gaya masa a kaina?"

Tana tsaye tana wanke kofuna biyu, ba ta ko juyo ba.

"Ban gaya masa komai ba."

"Ƙarya ne! Yaro yana zuwa wurina lafiya lau, yanzu ya daina. Bai ishe ki ba kin kwashe garin duka, sai kin haɗa da ɗana?"

Ta kife kofunan ta goge hannu a jikin siket, sannan ta dube ni. Da fushi na gani a fuskarta da na fi jin daɗi, amma tausayi ne.

"Clovis, sharaɗin beli ne. Ni na ƙara masa da bakina, na ce in ya fito daga nan ya tsallaka ya gaida wanda ya sa masa hannu, in ba haka ba in mayar da shi ciki. Na zaci in ya saba zai ci gaba da kansa. Yanzu beli ya ƙare, ba ni da igiyar da zan ja."

"Amma nan yana zuwa."

"Yana zuwa," ta ce a hankali. "In kana so in yi masa magana, sai in yi."

Kalma ɗaya za ta faɗa masa ya tsallako, na sani sarai, domin ba ya ƙetare maganarta. Abin da ya hana ni amsa mata da to ke nan, so nake ya zo da kansa. Na ce mata ta riƙe maganarta, na fito na koma bakin tagata.