Ɗorin da Aka Yi wa Lafiyayyen Hannu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Ashafa dillali a kasuwar shanu ta Illela ya san ba a yi masa gaisuwar tsaye. Idan ya kama hannunka, to ka ajiye uzurinka. Zai tambayi gida, ya tambayi iyali, ya saki hannun ya dafa ƙirji, kana murna ka kuɓuta sai ka ji ya sake cafkewa, ya shiga tambayar gajiya da damina da jikin kawunka wanda ya warke tun bara. Hannun nan kuwa shi ne sana'arsa. Idan ciniki ya faɗa tsakanin mai sa da mai saye, Ashafa ne ke kamo hannun wannan ya ɗora a kan na wancan, ya rufe da nasa, a ce Allah ya sa albarka. Haka ya taras da mahaifinsa yana yi, kuma bai taɓa koyon wani abu ba.

Kowace safiya in ya fito masallaci, ɗakin mahaifiyarsa Inna Tasalla yake fara shiga. Tsohuwar ta daɗe da daina gani, ga ciwon ƙirji da ke tasar mata lokaci lokaci. Murya ba ta isar ta shaida, don ta ce mazan gidan duk muryarsu ɗaya. Sai ta lalubo hannu, ta shafa tabon da igiyar sa ta bar masa a tafi tun yana saurayi, sannan ta ce, "Auta, kai na?" Mutum da furfura har gemu, amma a ɗakin nan Auta yake, kuma babu abin da ya fi so a duniya kamar wannan tambayar.

Ana nan sai ga korona. 'Yarsa Latifa ma'aikaciyar lafiya ce, an tura ta bakin iyaka tana auna zafin goshin mutane. Ta dawo gida da takunkumi a fuska, ta girke bokiti da sabulu a ƙofar zaure, sannan ta durƙusa gaban mahaifinta cikin ladabi ta yanke masa hukunci.

"Baba, hannunga naka shi na matsalar gidanga. Wuni guda kana kama na mutanen Tozai da na Araba da na Ƙonni, ka zo ka miƙa ma Inna shi. Ko ka bar gaisawa da mutane, ko ka bar shiga ɗakinta."

"Ke Latifa, ni kika hwaɗa ma hakanga? Wa yag ga koronar da idonai?"

"Ba ni son in gan ta ga ƙirjin Inna, Baba."

Ashafa ya miƙe. Ya fita yana faɗan 'ya'yan zamani da ake kai su makaranta su dawo suna yi wa iyayensu doka, amma maganar ta shige shi.

Ranar farko ya cusa hannuwansa cikin babbar riga, kowa ya miƙo sai ya ɗaga kai ya ce lafiya lau. Kafin azahar an gama da shi: Ashafa ya samu duniya, ya fara girman kai. Da ya ce saboda korona ne, mahauta suka yi ta dariya suna kiransa Bature. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne Yari, Bafillacen Tozai, abokinsa tun ƙuruciya. Yari ya miƙo hannu, ya ga an bar shi a iska, ya duba tafinsa ko akwai kashin shanu, sannan ya kora sansa wurin wani dillalin.

Rana ta biyu Ashafa ya fito da kaza a hannun dama, buta a hagu. Mutanen Illela kuwa akwai taimako. Duk wanda ya zo sai ya karɓi kazar ya riƙe masa, su gaisa, ya mayar masa da abarsa.

Daga nan ne dabara ta zo masa, irin dabarar da ba a shawara da kowa kafin a yi ta. Ya nufi gidan Sahabi mai ɗori.

"Sahabi, ɗaure min hannunga."

Sahabi ya latsa nan, ya latsa can. "Ina karayar take?"

"Babu ta. Kai dai ɗaure, kuma kak ka hwaɗa ma kowa."

Sahabi ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya rataya masa hannun a wuya. Ranar Ashafa ya ratsa kasuwa babu wanda ya miƙo masa hannu, sai sannu da ake ta yi masa. Ya dawo gida yana jin kansa mai wayo, har ya nuna wa Latifa, ita ma ta kasa riƙe dariya.

Abin da bai lissafa ba shi ne Sahabi. Mutane suka tambaye shi, shi kuma mai ɗori ba zai ce ya ɗaure lafiyayyen hannu ba, ina sunansa zai tafi? Sai ya ce sa ne ya harbi Ashafa. Da la'asar, a bakin mutane, ƙashin ya karye gida uku. Kafin gari ya waye labari ya kai har ƙauyen Darna cewa da ba don gwanintar Sahabi ba da an yanke hannun.

Hantsi bai gama dubawa ba 'yan dubiya suka fara sallama. Zaure ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Bokitin Latifa wani ya ɗauka na alwala ne, ya janye shi gefe don kada a yi tuntuɓe. Da yake hannun dama a ɗaure yake, kowa sai ya kama tsintsiyar hannunsa na hagu ya girgiza, waɗanda suka fi kusanci kuma su karanta addu'a su tofa a kan ɗorin. Ashafa na zaune a tsakiya yana nishin ƙarya, yana kallon yawun rabin gari na sauka a hannun da ya ɓoye wa gaisuwa. Yari ya iso da ƙwaryar nono, ya rungume shi yana neman gafara, ashe ciwo ne ke cin abokinsa tun ranar nan. Can kusa da ƙofa wani dattijo daga Araba yana ta tari, ana ta yi masa sannu.

A haka Latifa ta dawo daga aiki ta same su. Ta tsaya a bakin zaure, takunkumi ya rufe mata baki, amma idanunta sun ishi Ashafa.

Ba ta kai ga magana ba aka ji ƙwanƙwasar sanda daga cikin gida. Matan da suka shiga jaje sun kai labari har kunnen Inna Tasalla. Tsohuwar da ta yi shekaru ba ta taka zaure ba ta fito tana lalube, tana haki, mutane na darewa.

"Ina Auta? Ku ba ni hannunai."

Ta zauna, ta warware tsumman, karan suka zube. Ta bi ƙashin da yatsunta daga gwiwar hannu har tafi, ta sami tabon igiya, ta sake bi.

"Auta, hannunga lahiya lau shike."

Ta ɗaga sanda ta sauke masa a kafaɗa, ba tare da ta yi kuskure ba. Ashafa ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya a gaban kowa: don kada a hana shi shiga ɗakinta ya yi. Dariya ta ɓarke, Sahabi ya sulale ta ƙofa. Yari kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Kai Ashafa, da ka ce don Inna na, wa za ya riƙe ka da gaisuwa? Kowa na da tsohuwa gida."

Da mutane suka watse, Latifa ta zaunar da kakarta tana wanke mata hannu da sabulu, hawaye na jiƙa takunkuminta. Ashafa ya tsaya yana kallo, tarin dattijon nan na dawo masa a kunne. A lokacin ne tsoro ya kama shi sosai, tsoron da duk bayanin rediyo bai sa masa ba. Da kansa ya ɗauko tabarmarsa ya mayar zaure, ya ce ba zai ƙara taka ɗakin Inna ba sai ranar da Latifa ta ce ya shiga.

Allah ya tsare, babu wanda ya kwanta ciwo a gidan. Amma washegari da safe babu wanda ya san haka tukuna. Ashafa ya zagaya bayan ɗakin, ya tsuguna nesa da 'yar tagarta, ya yi sallama.

"Wa na?"

"Ni na, Inna."

"Kowa haka shika cewa."

Ashafa ya gyara tsugunno yana kallon tagar. Can sai ga kan sanda ya leƙo ta taga yana lalube. Ashafa ya miƙa hannu ya kama. Ya tambayi kwana, ya tambayi ƙirji, ya saki ya dafa nasa ƙirjin. Tsohuwar ta fara janye sandarta, sai ta ji an sake cafkewa, ana tambayar ƙafa da barci da kunun jiya.

Dariyarta ta fito ta taga, tari na biye da ita kaɗan.

"Kai na, Auta. Sakam min sandata hakanan, hannuna ya gaji."