Ɗaurin Roba a Wayar Kibod

Surukina ya zo gidanmu na Sabon Gari da ƙunshin kaya ɗaya, da buta, da mage a cikin kwando. Bayan rasuwar Inna ne, matarsa, mahaifiyar maigidana. Gidan Dagumawa ya yi masa faɗi, gwiwa kuma ta fara ƙin zuwa gona, sai 'ya'yansa suka taru suka lallaɓa shi ya dawo cikin Wudil wurinmu. Ya yarda, amma da sharaɗin ba za a bar magen Inna a baya ba.

Ni ba mai son mage ba ce, amma ba ita ce damuwata ba a lokacin. Kunya ce damuwata. A gidan da na tashi, suruki ba a haɗa ido da shi, ba a jan hira da shi. Ki durƙusa ki ce, "Ina kwana, Baba?" ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka," ki tashi ki ba shi wuri. Shi kuwa Baba ya ma fi ni. In muka yi kiciɓis a tsakar gida, sai ya juya yana duban katanga kamar yau aka gina ta. Haka muka yi ta kewaye juna a gidan da faɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Mage ce ta samar mana mafita. Wata rana na ajiye masa tuwo da miyar kuka a gindin darbejiya, inda yake shimfiɗa buzunsa, na koma baranda. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ke mage," ya ce, "ki ce wa masu gidan nan miyar yau ta yi. Daddawar ta ji."

Dariya ta kusa ƙwace min. Na daure, na dubi magen da ke lasar ƙafarta, na ce, "Mage, ki ce an gode. Gobe ma za a yi irinta."

Daga ranar muka samu bakin magana. Ta wurin mage na san ba ya son shayi da madara. Ta wurinta ya ji labarin ciwon haƙorina, har ya aiko ta da shawarar in tauna kanumfari. Ta wurinta ya ba ni labarin yadda Inna ta tsince ta tana jaririya a bayan rumbu, ta riƙa ba ta nono da cokali. Maigidana ya sha tsayawa yana kallonmu yana girgiza kai, yana cewa wannan mage ta fi kowa aiki a gidan nan, ya kamata a yanka mata albashi.

Sana'ata buga takardu ce. Ɗaliban jami'a ke kawo min aikinsu na kammala karatu a rubuce, in buga musu a kwamfuta. Laftof ɗina tsohuwa ce, haruffa da yawa sun mutu a jikinta, don haka da kibod na daban nake aiki, mai doguwar waya da ake jonawa a gefe. In ba shi, hannuna a ɗaure yake.

Ranar da abin ya faru, wata ɗaliba 'yar Filato ke jiran aikinta, ta kira ni har na gaji da cewa "saura kaɗan". Da rana na sayi soyayyen kifin bakin gada, ina ci ina bugawa. Da aka kira la'asar na naɗe wayar kibod da hannun nan nawa mai maiƙo, na shiga salla. Ina fitowa na tarar da mage a kan tebur, ta rungume wayar da ƙafafunta na gaba tana tauna, idonta a lumshe don daɗi. Ta riga ta raba ta biyu, sai ɗan zare ya rage.

Ina da zuciya, kowa a danginmu ya sani. Na wawuri tsintsiya na bi ta.

"Ke da ba ki da aikin fari balle na baƙi, sai ci sai kwanciya! An kwaso ki daga ƙauye an jibge mana, ga shi kin zame mana ɓarna! Ki koma inda kika fito mana, mu huta!"

Da ƙarfi na faɗa, har da maimaici. A zatona Baba yana masallaci. Ashe ranar gwiwar ta matsa masa, a ɗaki ya yi sallarsa, tagarsa kuma a buɗe take, kusa da inda nake tsaye. Sai da na ji tarinsa na gane.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na so ƙasa ta tsage in shige. A kowane gida na duniya, mace ta zagi mage, mage ta zaga. A gidanmu kuwa ba haka ba ne. Wata da watanni duk abin da na faɗa wa mage, Baba nake faɗa wa, shi ma ya sani, ni ma na sani. Kuma babu kalma ɗaya a cikin zagin nan da ba za ta zauna daram a kansa ba.

Da yamma na kai masa abinci, ya ce, "Allah ya yi albarka," kamar kullum. Bai aiko mage da komai ba. Na tsaya a baranda ina jira har tuwon ya huce.

Washegari Juma'a ce, ranar kasuwa. Na kai aikin ɗalibar nan shagon wata ƙawata na ƙarasa a can, ban dawo ba sai bayan an sauko daga masallaci. Na tarar da kibod ɗina a kan tebur, an goge shi tas, an naɗe wayar da kyau. Baba ya sa wuƙa ya yanke wurin da aka tauna, ya haɗa bakin nan biyu ya ƙulla su kamar yadda ake ƙulla igiyar guga in ta tsinke. Sannan ya yanko siririyar roba daga tsohon tif na keke ya naɗe ƙullin, layi bisa layi, ya soke bakin a ƙarƙashi. Ɗauri ne mai kyau, ko saniya aka ɗaure da shi ba za ta tsinka ba. Na jona a laftof duk da na san abin da zan gani. Ko harafi ɗaya bai fito ba.

Na zauna da wayar a cinyata na yi kuka. Tsoho mai ciwon gwiwa ya zauna ya gyara ɓarnar da na goranta masa, da iyakar abin da ya sani.

Sai a lokacin na lura kwandon mage ba ya nan. Maigidana ya ce Baba ya ba da magen ga wani maƙwabcinsa na ƙauye da ya zo kasuwa a kan babur, ya mayar da ita Dagumawa. Baba ya ce shi ma Juma'a mai zuwa zai bi ta, zai je ya duba gona. Har ya ɗaure ƙunshinsa ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki.

"Wace gona ake dubawa da rani?" in ji maigidana. "Ke ko kin san abin da ya same shi?"

Na gaya masa, kaina a ƙasa. Ya ce in je in ba Baba haƙuri. Na ce da wane baki? Ban taɓa haɗa jimla biyu da shi ba sai ta bakin mage, magen kuma na kore ta. Ya tafi da kansa ya ba shi haƙuri a madadina. Ina daga kicin na ji amsar.

"Haƙurin me? Ai yarinyar nan ba ta yi min komai ba. Da mage ta yi."

Ya rufe ƙofar ke nan, a hankali, ba tare da ya kunyata kowa ba. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Maigidana ya hau babur ya nufi Dagumawa don ya ɗauko magen. Ya dawo hannu rabbana. Wai tun a hanya ta ture murfin kwandon ta yi tsalle ta shige gonaki, an yi kira an yi cigiya, shiru. Ya ce min kada in damu da kibod, zai sayo sabo in ya shiga Kano. Na ce kada ya soma. In sabo ya shigo gidan nan, na faɗa wa Baba ke nan cewa gyaransa ma bai da amfani.

Ranar Litinin da hantsi, da Baba ya fita shan iska ƙofar gida, na shige ɗaki da kibod, da reza, da baƙin salatif. Na warware robarsa a hankali, ina lura da yadda ya bi da ita. Na kwance ƙullin. Na feƙe baƙar rigar wayar ta kowane ɓangare, sai ga 'yan siraran wayoyi a ciki, ja da baƙa da fara da koriya. A makarantar koyon kwamfuta na taɓa ganin ana wannan aikin, amma gani daban, yi daban. Rezar ta yi ta yanke min su gaba ɗaya maimakon ta cire musu fata, wayar tana ta gajarcewa, gumi yana ɗiga daga haɓata. Na yanki ɗan yatsana, na tsotse jinin na ci gaba. Daga ƙarshe na murɗe ja da ja, fara da fara, kowace da 'yar uwarta, na naɗe kowace da salatif ita kaɗai don kada su taɓa juna. Na jona, na danna. Harafi ya fito.

Ban yi murna ba tukuna, don babban aikin yana gaba. Na lanƙwasa wurin ya yi tudu kamar ƙullinsa, na mayar da robar layi bisa layi, na soke bakin a ƙarƙashi. Sai da na warware na sake har ya yi min kama da nasa.

Bayan la'asar na fito da tebur baranda, kusa da darbejiya fiye da yadda na saba. Baba yana kan buzunsa yana jan carbi, ƙunshin kayansa yana nan a bakin ƙofa. Na fara bugawa da ƙarfi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba wani aiki nake yi ba, haruffa kawai nake zubawa. Na ga carbin ya tsaya.

Maigidana, da na riga na roƙa, ya ce, "Baba, ka ga gyaranka ya yi. Ga shi tana ta aiki."

Baba ya miƙo hannu. Maigidana ya zare wayar ya kai masa kibod ɗin. Ya juya ɗaurin a tafinsa, ya shafa shi da babban yatsa, ya kai wurin da na soke bakin robar, ya tsaya. Sai a sannan na tuna Baba bahago ne. Naɗinsa ta hagu ya bi, nawa ta dama. Kunyar da na sha a kwanakin nan duka ta dawo sabuwa, har kunnuwana suka ɗau zafi. Na zage shi, yanzu kuma ga ni ina yi masa wayo kamar ƙaramin yaro.

Ya daɗe yana kallon robar. Sannan ya yi gyaran muryar nan tasa, ya juya gefen buzu, wurin da mage take kwanciya.

"Ke mage, ki ce mata ta iya ɗauri. Ki ce mata..."

Babu komai a wurin sai busassun ganyen darbejiya. Hannunsa da ya ɗaga zai shafa ta ya tsaya a iska, sannan ya sauke shi a kan gwiwarsa.

Na taso daga kujera, na je na durƙusa a daidai wurin, kusa da shi fiye da yadda na taɓa yi. Ban iya ɗaga kai ba.

"Ta ji, Baba," na ce. "Ta ce don Allah a mayar da ƙunshin nan ɗaki."

Ya juya yana duban katanga, ya daɗe.

"To," ya ce. "A mayar."