Gero kwano goma, tukunya mai cin shida

"Ba za ta ɗauka ba, Malam, ko da ƙafa za ka danna."

Haka Hajiyata ta ce jiya da hantsi, muna tsaye a kan ƙullun gero kwano goma na kunun zakin sunan jikarmu. Babbar tukunyar da muka saba ara ta tafi biki Hotoro, tamu kuwa shida take ci. Ga surukai za su zo daga Tarauni, mutanen da har yau suke mana gorin ƙarancin nama a bikin 'yarmu.

Ni kimiyyar sinadarai na karanta. Tun da masaƙar da nake aiki ta rufe, ko yawan gishirin miya ba wanda ya ƙara tambayata.

Na ce a rage tafasasshen ruwan, a dama da kauri kamar tuwo. Da ya sha iska, aka zuba ɗanyen ƙullun da aka ware, mai tsiron dawa.

"Wannan ai ƙasar gini ce," in ji ta.

"Ki ƙyale shi, Hajiya. Tsiron zai tsinka shi."

Kafin la'asar ya tsinke, muciya tana yawo a ciki. Muka tace a robobi, muka wanke dusar da ruwan ɗumi sau biyu, muka haɗa. Yau duk layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya sha, surukai har da guzuri a jarka.

Hajiya ta kurɓa, ta dube ni. "Ashe bokon nan bai tafi a banza ba."

Shekara da shekaru ina jiran wannan magana, ashe a gindin murhu zan ji ta. Ku fa, a ina karatunku ya taɓa yi muku rana?