Rigar Yayana a Cikin Mangaza

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, abokina ya dawo Madarumfa daga Yamai inda ya koyi zane. Na zaci hotuna zai liƙa a bango. Sai ga shi yana bin gida gida, yana roƙon tufafin da 'yan ci-rani suka bari.

Mahaifiyata ta ba shi rigar yayana, wanda ya tafi Najeriya ya daɗe babu labari. Ta ɗauka sadaka zai yi da ita.

Ya ari wata tsohuwar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, kusa da tafki, ya toshe tagogin, ya bar haske kaɗan daga sama. Ya rataye rigunan da igiya daidai tsayin mutum, kusa da juna, yadda ba ka wucewa sai sun goge ka. Ya zuba yashi a ƙasa. Cikin wani tulu ya ɓoye rediyo mai kasat, ana jin muryoyin maza suna sallama, ɗaya bayan ɗaya.

Ni na fara shiga. Wata riga ta taɓa mini ƙeya, na daka tsalle har na ce wa rigar, "Gafara dai." Abokina ya yi ta dariya.

Da mahaifiyata ta ji inda rigar take, ta ce in kai ta. Ta tuɓe takalmi a ƙofa, ko da yake ba wanda ya ce ta tuɓe. Muryar tulu ta yi sallama, ta amsa. Ta bi tsakanin rigunan a hankali har ta tsaya gaban ta yayana, ta gyara mata wuya, ta ci gaba da shafa ta.

Abokina ya tsorata. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. In sauke miki ita?"

Ta dubi sauran rigunan ta ce, "Bar ta, ɗan nan. A gida ita kaɗai ce. Ashe suna da yawa haka."

Bayan sati ya mayar wa kowa da kayansa, mangazar ta koma ajiyar gyaɗa. Yayana kuwa bai dawo ba.

Na shiga ɗakunan nuni da dama tun lokacin, masu fitilu da injuna. Nakan duba, in fito. Amma a waccan mangazar na fara gane cewa akwai abin da bayani ba ya isar wa mutum, sai ya shiga da ƙafarsa abin ya taɓa kafaɗarsa.